Layi Ɗaya a Serber ɗin Alhaji Mamman

Ku da kuke zama a ƙofar shagona da yamma kuna cin rezona, wato intanet ɗina, kyauta, na ji abin da kuke faɗa. Kun ce aikin shafin intanet ba sana'a ba ce, kwafa ne da liƙawa, kuma yanzu akwai injin da ake tambaya ya rubuta wa mutum komai. Ban musa ba. Ni ma ina tambayarsa, sai dai in ya ba ni amsa nakan sake dubawa, domin ban taɓa ganin fuskarsa ba. Tunda kun ce in rubuta yadda na yi aikin nan, ga shi.

Sunana Ilu. A lakwal, makarantar boko, aji shida na tsaya. Aikina na farko shara ne a sibar, wato shagon intanet, na wata mata, Madam Rakiya, kusa da tasha a nan Damagaram. Ina share ƙasa, ina goge allon ordinatar, wato kwamfuta, ina yi wa mutane fotokopi. Ita ce ta ga ina tsayawa a bayan masu aiki ina kallo, ta ce in dai tsayuwar zan yi, gara in zauna. Ta koya mini bugun rubutu, ta koya mini kwance inji da ɗaure shi, daga baya ta koya mini gina shafi. Ba ta yabo. In aiki ya yi kyau sai ta ce, «To.» In bai yi ba sai ta ce, «Ilu, wa ya aike ka?» Abu biyu ta dasa mini: kafin in taɓa komai in ajiye kwafinsa, kuma in jan rubutu ya fito a allo in karanta shi har ƙarshe kafin in fara addu'a.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma kowanne biyu ne. Kile biyu, ƴan abubuwan ajiyar kwafi da ake sokawa a inji, ɗaya a aljihu, ɗaya a gida cikin gwangwanin madara. Waya biyu masu rezo daban-daban, domin ranar da ɗaya ta tafi ba a san ranar dawowarta ba. Tabarau biyu. Burushin haƙori biyu na fitar da ƙura daga fankar inji. Ƙamus na Faransanci da na Ingilishi, saboda jan rubutun nan da Ingilishi yake zuwa, kuma ni sai na bi ta Faransanci kafin in iso Hausa. Ordinatar ce kaɗai guda ɗaya, shi ya sa ba na ba kowa ita, kuma ba na ajiye kofi kusa da ita.

Shafin farko da na gina da hannuna na wani mai sayar da tayoyi ne. Ya ce hotonsa ya fi na tayar girma, na ƙara. Ya ce a ƙara, na ƙara, har tayar ta koma kamar zobe a gefen kunnensa. Ya ji daɗi. Wani mai maganin gargajiya ya zo ya ce in rubuta cewa garinsa na warkar da kowace cuta. Na ce in an sha ba a warke ba, ni ne na buga. Ya tafi wurin wani. Masu aikin nan iri-iri ne, amma duk sun haɗu a abu ɗaya: in shafi ya yi aiki, Allah ne, in ya tsaya, Ilu ne.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke sa sabon shiga ya yini yana zufa. Kowane shafi yana da adireshinsa. Amma kayan da yake nunawa wani lokaci ba a adireshin nan suke ba, suna wani serber, wato babban injin ajiya, na wani mutum daban. Serber yana da wata ƴar taga wadda ba ta mutane ba ce, ta injuna ce, a miƙa tambaya a karɓi amsa. Ita ake kira API. A cikin shafinka akwai ɗan rubutun da ke yin aike, sikirib, shi ke zuwa tagar. To a tsakani akwai nabigatar, abin nan da kuke buɗe shafuka da shi a waya. Shi ba ya barin ɗan aiken wani adireshi ya karɓo amsa daga wani adireshin, sai in serber ɗin can ya faɗa da kansa, a layi ɗaya a saman amsarsa, cewa ya yarda da adireshi kaza. Dalili kuwa, in babu wannan, duk shafin ɓarawon da ka buɗe bisa kuskure zai iya zuwa tagar da sunanka, tunda ka riga ka shiga da kalmar sirrinka.

Abin lura shi ne gyaran ba a wajenka yake ba. Ka juya shafinka ciki waje, ba abin da zai canza. Wasu kan kashe wannan tsaron na nabigatar a nasu injin su ce sun gyara, alhali su kaɗai ke gani a duniya. Layin nan mai serber ne ke rubuta shi. Kuma mai serber mutum ne.

Aikin da ya koya mini wannan na dukawa ne. Alhaji Mamman babban baduku ne a unguwar Birni, shi ke gaba a ƙungiyarsu. Tun kafin ƙungiyar ta waye, shi ya kama serber da sunansa, ni na gina masa. Daga baya sauran suka shigo inuwarsa. Tsarin shi ne: kowace rumfa tana da nata shafi mai hotunan kayanta, jaka, gafaka, kube, matashi. Mai saye daga Kano ko Yamai yana da suna da kalmar sirri a wurin ƙungiya. In ya ga abin da yake so a shafin wata rumfa sai ya danna, sikirib ya kai odarsa tagar serber ɗin Alhaji, a rubuta ta da lambar rumfar. Ƙungiya ta duba kayan, ta haɗa su, ta tura gaba ɗaya. Masu saye ba sa yarda da wata hanya, domin a nan ne kawai wani ke jan ɗinki ya gani kafin kaya su tashi. Duk rumfar da aka karɓa, ni nake rubuta adireshinta a cikin waɗanda serber ya yarda da su, bayan Alhaji ya ce in rubuta.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da aka rufe iyaka kuran, wato wutar lantarki, ya yi wuya. Ina aiki da ido ɗaya a allo, ɗaya a ƙwan lantarki. Batir ɗina ya kumbura. Na koyi ɗaukar ordinatar a cikin zane zuwa gidan wani maƙwabci mai fano na hasken rana, in zauna a zaurensa kamar mai jiran sadaka. Ƴan kasuwar Kano suka daina zuwa da ƙafarsu. Kaya dai suna samun hanyarsu, mutane ne ba sa son wahalar. Saboda haka wanda odarsa ba ta bi ta serber ba, a shekarar nan bai sayar da ko kube ba.

A cikin wannan hali Habu ya zo mini. Habu yaron Alhaji Mamman ne a dā, a zaurensa ya girma yana jan zare. A al'adar dukawa yaro ba ya tashi da kansa, sai maigida ya tara manya, ya miƙa masa wuƙa da basilla, a yi fatiha, sannan ya zama mai rumfa. Habu ya yi ta jira, ana ce masa baɗi, har gemunsa ya fara fari. Wata safiya ya tashi ba sallama ya koma Mirriya, garin mahaifiyarsa, ya buɗe rumfa ya ɗauki ma'aikata. A kasuwa Alhaji ya ji labarin, kuma a nan gaban jama'a ya rantse da Allah cewa sunan Habu ba zai sake shiga wani abu nasa ba.

Da wahala ta yi yawa, ƙungiya ta zauna ta karɓi rumfar Habu, ta ba shi lamba. Alhaji yana wurin, bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana ta duban silin. Na gina wa Habu shafi, adireshin da sunansa a ciki, har ya buga shi a ƴan fatun da yake liƙawa cikin jakunkuna. Ban rubuta shi a serber ba, domin ba a ce in rubuta ba.

«Malam Ilu,» in ji Habu, ko zama bai yi ba, «shafin nan naka kyau gare shi, amma kurma ne. Bala ɗan Kano ya kira ni, ya ce ya danna har yatsansa ya yi zafi.»

Na nuna masa jan rubutun, na bayyana masa.

«Wa ya gina na Baba Alhaji?»

«Ni.»

«Kalmar sirrin tana hannun wa?»

«Hannuna.»

«To?»

«To mabuɗin ne a hannuna, Habu. Abin ba nawa ba ne.»

«Haba Malam Ilu! Mutumin da bai san inda ake kunna ordinatar ba? Har ya mutu ba zai sani ba.»

«Ni zan sani.»

Ya dube ni ya ce da ma an gaya masa ni mutum ne mai duba kwaɗon ƙofa ya tafi ya dawo ya sake dubawa. Na ce gaskiya aka gaya masa. Sai ya zauna, ya sassauta murya. Ya ce ƙungiya za ta rufe karɓar odar Babbar Salla ba da daɗewa ba. Ma'aikatansa magidanta ne, sun yanka fata sun zauna suna kallonta. In wannan jigilar ta wuce su, rumfar ta watse, kowa zai kama hanyar Arewa, ƙetaren hamada, neman abin da zai ci.

Na sami Alhaji Mamman a zaure yana fiƙe wuƙa a kan dutse. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na sake ɗauko ta daga farko. Shi ya gaji ya ce, «Mai inji, faɗi abin da ya kawo ka.»

«Ranka ya daɗe, maganar rumfar da ƙungiya ta karɓa ce.»

«Mutumin Mirriya.»

«Shi. Sai an rubuta adireshinsa a serber.»

«Ba lamba kuke rubutawa ba?»

«Oda ce ke tafiya da lamba. Izini da adireshi yake tafiya, kuma sunansa na ciki.»

Ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa. «Ka ji abin da na faɗa a kasuwa?»

«Kowa ya ji, Alhaji.»

«To ni ban hana kowa cin abinci ba. Bakina ne ya riga ni. Babu yadda za a buɗe abin nan ba tare da an kira suna ba?»

Da bai tambaya ba da ban faɗa ba. Amma ya tambaya, kuma akwai. Na ce ana iya sa alamar tauraro a wurin sunan, ma'anarta kowa da kowa.

Fuskarsa ta saki. «Yauwa! Sa tauraro. Gidan ubana ba a taɓa tambayar baƙo sunansa ba. In wani ya bi jama'a ya shigo, ni ban gan shi ba.»

Na ce ina tsoron kowa da kowa, domin a cikin kowa akwai wanda ba a so. Ya ce tsorona ya san shi tun ranar da na hana shi sa sunan uwargidansa a matsayin kalmar sirri. Serber nasa ne, na koma shago.

Na ajiye kwafi a kile, na ajiye a ɗayan. Na jira kuran ya zo, na sa tauraron. Na buɗe shafin Habu, na shiga kamar mai saye, na danna. Jan rubutu. Amma ba irin na dā ba ne, wannan ya fi tsawo. Na bi shi da ƙamus biyu, na fahimci rabi. Rabi ba ya isata. Na naɗe ordinatar na tafi gidan Madam Rakiya, wadda ta daɗe da rufe sibar ta koma kiwon tumaki.

Ta ajiye kwanon dusa, ta goge hannu, ta karɓi tabarauna ta karanta.

«Ilu, wa ya aike ka?»

«Alhaji Mamman, Madam.»

«Tauraro na abin da kowa zai iya gani ne. Hoto, farashin gero, lokacin salla. Amma saƙon nan yana ɗauke da shaidar mai saye, cewa shi ne wane. In da shaidar mutum a cikin saƙo, nabigatar ba ya karɓar kowa da kowa. Sai mai serber ya kira adireshin ɗaya tak, harafi da harafi.»

«Babu wata hanya?»

«Akwai masu sa serber ya maimaita duk sunan da ya zo masa. Ɓarawo ya ce ni ne wane, serber ya ce na yarda da wane. In ka yi wannan kada ka gaya wa kowa a wurina ka yi shara.»

Na ce akwai kuma ratsawa ta wani serber nawa, shafin Habu ya ba ni saƙo ni in miƙa. Ta ce akwai, in ina son sirrin ƴan kasuwar Kano ya riƙa kwana a hannuna, kuma in ina ganin hakan ba shiga abin Alhaji ba ne ta bayan gida. Na tuna yadda nake kwana da kile biyu kawai. Na ce a bar shi. A nan tsakar gidanta na cire tauraron, rago yana shinshina wayar caji.

Wata dabara ta zo mini a hanya: a canza wa Habu adireshi, a sa wanda babu sunansa. Fatun da ya buga za su lalace, amma rumfa za ta tsira. Sai dai ban san hukuncin ba, kuma ni ba na taɓa abin da ban san hukuncinsa ba. Bayan la'asar na tsayar da limamin masallacinmu.

«Allah ya gafarta malam, mutum ne ya rantse sunan wani ba zai shiga abinsa ba.»

«Alhaji Mamman,» in ji liman. «Ci gaba.»

Na yi bayanin serber gwargwadon iyawata.

«Yana ina, shi wannan serber?»

«Wata ƙasa. Ban taɓa ganinsa ba.»

«Alhaji ya taɓa ganinsa?»

«A'a.»

«Amma nasa ne.»

«Nasa ne.»

«To ko Aljanna ma ba mu gan ta ba muna nema. Ci gaba.»

Na kawo maganar canza adireshi. Ya girgiza kai. Ya ce rantsuwa niyya take bi, ba harafi ba. Ko na sa wa shafin suna tulu, in Alhaji ya san tulun nan Habu ne, Habu ya shigar. Ya ce ko tauraron ma da an tambaye shi da ya yi magana.

«In na rubuta bai sani ba fa?»

«Shi bai karya ba. Kai ka ci amana.»

«In ya sani?»

«Ya karya, kaffara ta hau shi. Ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su. Ba abin kunya ba ne, an ma fi so in alheri na gaba.»

«Babu ta uku?»

«Akwai. Mutanen Mirriya su ci gaba da zama.»

Na ce to wa zai gaya wa Alhaji maganar kaffara. Ya ce Alhaji Mamman ya san ta tun ina tsotson yatsa, ba sani ne ya rage masa ba.

Washegari na shiga motar Mirriya, domin ba na son gaya wa mutum mugun labari ba tare da ina ganin fuskarsa ba. Rumfar tana bayan kasuwa. Fata ja da baƙa a yanke, a jere, an danne da duwatsu. Mutane suna zaune a kan tabarma ba mai riƙe da basilla. Akwai wani gurbi da babu kowa, sai ƙaramin dutsen fiƙe wuƙa. Habu ya ce mai wurin ya tafi shekaranjiya, ya bar matarsa da ciki.

Na ce wa Habu ko zai je ya durƙusa gaban Alhaji.

«Na je, Malam Ilu. Aka ce yana barci. Ina tsaye ina jin tarinsa, tarin da na sani tun ina ɗan shekara bakwai. Na koma, aka ce ya fita. Takalminsa na bakin ƙofa. Ni na ɗinka takalmin.»

Wani dattijo cikin ma'aikatan ya ce, «Kai ne mai mabuɗin?» Na ce ni ne. Ya ci gaba da kallona har na tashi. A mota na yi ta lissafin cewa layin nan da babban yatsa ɗaya zan iya rubuta shi, a nan inda nake zaune tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji. Na sa wayar a aljihun ciki na maɓalle shi.

Na koma wurin Alhaji na gaya masa tauraro ya ƙi.

«Ya ƙi? Inji ne ya ƙi ni?»

«Ba kai ba, ranka ya daɗe. Ya ce in da amanar mutane a cikin saƙo, ba ya jin kowa da kowa. Sai serber ya kira suna.»

«Serber ɗin wa?»

«Naka.»

«Wato sai na kira.»

Na gyaɗa kai.

«Wa ya ƙera wannan abu? Bature?»

«Ina jin haka.»

«Bature bai san kunya ba.» Ya ja wata fata ya shimfiɗa, ya auna ta da tafin hannu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, «Ka je can?»

«Na je.»

«Suna aiki?»

«Sun yanka. Ba sa ɗinki. Ɗaya ya tafi.»

«Fatar da aka yanka aka ajiye bushewa take yi a baki,» in ji shi. «Bai shafa mata mai ba, na sani. Tafi, mai inji, ina da aiki.»

Na tafi. Kwanaki suka yi ta wucewa, ranar rufe oda tana matsowa. Habu ya daina kirana, wanda ya fi kiran muni. Na riga na rubuta layin a wata ƴar ajiya daban, na duba haruffansa har na haddace, ban sa shi ba. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Matata ta ce in dai serber ne zai kashe ni, in gaya mata inda gwangwanin madarar yake.

Ranar Juma'a, ana gobe rufewa, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya aiko in zo da injina. Na iske ƙofar gidansa an shimfiɗa tabarmi. Tsofaffi ne zaune, da makafi biyu, da wani gurgu da na sani a bakin kasuwa, kowa da kwanon tuwo da miya har da nama. Ba suna ake yi ba, ba a yi rasuwa ba. Na tsaya da ordinatar a hammata na ƙirga su. Na sake ƙirgawa. Tara.

Alhaji ya leƙo daga zaure ya nuna mini wani kwano a gefe. «Zauna ka ci.»

Na matsa kusa da shi na rage murya. «Alhaji, tara na gani.»

«Da kai goma.»

«Ranka ya daɗe, ni ina da shago. In aka sa ni a ciki ba ta cika ba, kuma in ba ta cika ba…»

Ya dubi ƙafafuna, ya daɗe yana dubawa. «Ni baduku ne, Malam Ilu. Ba bakin mutum nake tambaya ba, takalminsa nake dubawa. Ci.»

Makafin suka yi dariya, har da wanda bai san me ake dubawa ba. Na zauna na gutsuri tuwo, na riƙe shi a hannu. Ina tunanin ko in ruga kasuwa in samo wani, sai muryar Hajiya, uwargidansa, ta fito daga cikin gida: «Alhaji, an kai wa tsohuwar bayan masallaci nata, ta ce a gode.» Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Goma ta cika ba tare da ni ba, sai a lokacin na kai tuwon baki.

Da aka watse na shiga zaure na buɗe inji. Kuran babu, amma batir na da ɗan saura. Na ajiye kwafi. Na buɗe wurin da ake rubuta izini, na ɗora yatsuna, na tsaya.

«Me kake jira?»

«Ba ka ce in rubuta ba, Alhaji.»

«Tuwon da ka ci fa?»

«Tuwo na ci. Ban ji umarni ba. Adireshin wa zan sa?»

Ya ajiye basilla. Ya dubi ƙofa, ya dubi rufi, ya dube ni kamar zai auna ni ya yanka.

«Habu,» in ji shi. «Habu na Mirriya. Rubuta, kada ka yi kuskure, ba ni da wani buhun hatsin.»

Na rubuta. Na karanta daga hagu, na karanta daga dama. Na kira Bala ɗan Kano na ce ya danna. Ya ce ya gaji da dannawa, na ce ya danna don Allah. Muna zaune, sai ga oda ta faɗo a serber da lambar rumfar Habu: gafaka da jakunkuna. Kafin in rufe baki wata ta biyo.

«Mu gani,» in ji Alhaji.

Na juya masa allon. Bai dubi odar ba. Ya ce in buɗe hoton gafakar, in ƙara masa girma. Ya kawo fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashin, abin da ba na bari kowa ya yi.

«Ka ga nan? Bakin ya karkace. Tun yana yaro haka yake, in ya zo kwana sai ya ja zare da ƙarfi kamar ana korarsa. Wannan ba za ta wuce dubawata ba. Ka ce ya zo ranar Litinin da safe, ya zo da ita. Kada ya zo da wuƙa, akwai wata a nan.»

«In ce wa wa, Alhaji?»

«Malam Ilu, sau ɗaya na dafa, sau ɗaya zan faɗa.»

Na rufe inji na naɗe shi a zane. Waya biyu ne a aljihuna, duka da rezo. Amma saƙo irin wannan ba a ba da shi ta waya, tana iya yankewa a tsakiya mutum ya ji rabi. Na nufi tashar Mirriya.